Babi Na Goma Sha Ɗaya

Shekara tara ina ɗinki da rana,
dare ya yi in ɗinka magana.
Littafin rubutu mai shafi sittin, guda bakwai,
suna ƙarƙashin keke a shagona na Yakasai,
tare da ƙyallaye da alli da tsohon almakashi.
Babi goma sun tsaya da ƙafafunsu.
Na goma sha ɗaya ya ƙi tashi.

Ba alƙalami ne ya ƙafe ba.
A babin nan ne yaron zai shiga kududdufi,
ni kuwa na san kududdufin,
na san wanda ya shiga bai fito ba,
na san wanda ya tsaya a baki riƙe da takalma.
Sai in rubuta "Da la'asar", in tashi shan ruwa,
in dawo in soke, in ce sai gobe.
Goben nan ta ci azumi uku.

Na kwashi goman na kai Fagge,
wani ɗaki da janareto ke tari a ƙofarsa.
Hansatu ce mai bugawa a kwamfuta,
ba ta ɗaga kai, yatsunta ruwan sama a kan kwano.
Rubutuna kuwa tafiyar kaza a taɓo.
Takan kira ni a waya:
"Malam Tasi'u, nan ƙaya ka ce ko kaya?"
Lanƙwasa ɗaya tak
ta raba abin da ke suka da abin da ke danne wuya,
ni kuma duka biyun nake ɗauke da su.

Ran da na je biyan cikon kuɗi
ta turo mini su baya a kan tebur.
"Ina sauran? Ɗanliti ya fito daga ruwan ko bai fito ba?
Jiya tuwo na ƙona ina tunaninsa."
Na ce ban sani ba.
Ta ce, "Ka sani.
Tun shafi na casa'in hannunka ya fara karkacewa."

Ban hau adaidaita ba, da ƙafa na koma.
A Ƙofar Mata marina na matse zane,
shuni ya kama su har gwiwar hannu.
Na daɗe a tsaye ina kallo.
Ban ga wanda ya rina ya tashi da farin tafi ba.

Daren nan aka ɗauke wuta, na kunna fitilar waya.
Na bar yaron ya shiga.
Na bar ɗayan ya tsaya da takalman,
bai yi ihu ba, bai ruga ba,
tsoron dukan gida ya ɗaure masa harshe.
Na rubuta haka, ban yi masa ado ba.
Kiran assalatu ya same ni a kan aya ta ƙarshe,
takardar ta jiƙe a wuri biyu.

Sauran duk ciniki ne.
Mai ɗab'i ya ce takarda ta tashi, tawada ta tashi,
kwafi dubu ya koma ɗari uku.
Na sayar da keken surfani, na riƙe na ƙafa.
Kore na ce a yi bangon, ya fito ja.
A shafi na arba'in da biyu layi guda ya ɓata,
har yau ba mai cigiyarsa sai ni.
Wani mai shago a Sabon Gari ya karɓi ashirin,
ya ce kuɗi sai an sayar,
ya jera su a ƙasan kanta kusa da kalandar bara.

Na kai wa Inna guda ɗaya.
Ba ta karanta boko.
Ta juya shi, ta sunsuna, ta auna a tafin hannu.
Ta ce, "Yana ciki?"
Na ce, "Yana ciki."
Ta tura shi ƙarƙashin matashin kanta,
ta ce in koma shago,
akwai masu jiran ɗinkin Sallah.